Katifu Goma da Jitar Baba

Mijin yayata katifa yake sayarwa. Na fara da wannan ne don kada sunan da yake kiran kansa ya ruɗe ku, domin duk inda ya shiga cewa yake a kira shi Injiniya. Asalin injiniyancin kuwa, tun yana saurayi ya taɓa yin mako shida a wani ɗakin ɗaukar waƙa, aikinsa naɗe waya da share ƙasa, har ranar da ya zare wani filogi don ya jona butar shayi, aikin mutane na kwana uku ya bi iska, suka nuna masa ƙofa. Shekara ashirin ke nan da yin haka. Amma har gobe in ya ji an rufe ƙofar mota sai ya karkatar da kai, ya lumshe ido, ya ce sautin bai fita daidai ba. Mu dai muna kiransa Injiniya don darajar Yaya, kuma don in ba a kira shi haka ba, ba ya amsawa.

Babanmu kafinta ne, ya tsufa ya ajiye aiki. A da, in ya taso daga wurin aiki ya watsa ruwa, sai ya ɗauki jitarsa ya zauna bakin ƙofa, yana kaɗawa yana rera waƙoƙin da shi da kansa ya tsara. Ranar da Mama ta rasu ya ɗora jitar a kan kabad, bai sake waiwayarta ba shekara tara. Kuma ba kiɗan kaɗai ya bari ba. Magana ma ta yi ta raguwa a bakinsa, har ya zama in ka je gaishe shi daga “lafiya lau” sai kallon bango. Abin yana cin raina, yana cin ran Yaya. Wata huɗu ta yi tana lallashinsa kafin ya yarda, shi ma da sharaɗi.

“Sau ɗaya,” in ji shi. “Mutum biyar ko shida, ’yan gida. In na buɗe baki na ji muryar ta tafi, ku ba da jitar ga wanda kuka ga dama, kada wanda ya sake yi mini maganarta.”

Mun san Baba. In ya ce kada a sake, to an rufe maganar har abada. Dama ɗaya ke nan gare mu, babu ta biyu.

Kuskuren Yaya guda ne: ta faɗi wannan albishir a gaban mijinta. Ina gidan a ranar, muna cin abincin rana. Injiniya ya ajiye cokali, ya goge baki, ya ɗaga kai yana nazarin silin.

“A falon nan za a yi,” in ji shi. “Ba lasifika, ba makirufo, ba lantarki. Sauti tsagwaronsa, daga tsirkiya zuwa kunne. Haka manyan masana suke sauraron kiɗa, ku ne dai ba ku sani ba.”

“Ai dama Baba bai ce a kawo lasifika ba,” na ce. “Kujera ya ce a ba shi.”

“Auta, kin taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa?”

“A’a. Amma kuma ba a taɓa koro ni daga ciki ba.”

Yaya ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Shi kuwa ko a jikinsa, ya riga ya miƙe ya tsaya a tsakiyar falon, ya tafa hannu sau ɗaya, ya kasa kunne.

“Kun ji? Bangon nan yana amsawa. Sauti zai doki bango ya dawo ya yi karo da ɗan’uwansa. Ba zan bari a wulaƙanta surukina a irin wannan ɗaki ba. Ku bar mini komai.”

Da jin “ku bar mini komai” na tuna abin da wannan magana ta taɓa yi wa famfon banɗakinsu.

Gidansu Yaya bene ne mai hawa uku, su suna na tsakiya. Ranar Talata motar kaya ta tsaya a ƙofa da katifu goma daga shagon Injiniya. Aka yi ta hawa da su ana nishi. Ya yage musu leda, wai leda tana ƙara, ya jingina su a bango ko’ina, ya toshe tagogin biyu da manyan cikinsu, ya buga ƙusa inda suka ƙi tsayawa.

“Baban yara,” in ji Yaya, “wa zai sayi katifar da aka huda da ƙusa?”

“Bayan Asabar? Rububinsu za a yi. Katifar da ta sha kiɗa daban take.”

Laraba ya je wurin mai ƙwai ya kwaso kwalayen ƙwai cike da buhu uku, wasu ma da ragowar fasasshen ƙwai a jiki, ya hau tebur ya bi silin yana mannawa da gam. Alhamis ya shiga farautar ƙara a cikin gida. Agogon bango ya cire masa batir. Famfon kicin da ke ɗiga ya ɗaure masa baki da safa. Yaran ya tattara su ya kai gidan kakarsu, wai numfashinsu yana da ƙarfi. Da ya gama da gida sai ya juya kan maƙwabta.

Ya fara da Tela, mai shago a hawan ƙasa. Na bi shi don ba na so a ba ni labari.

“Maƙwabci, ranar Asabar daga ƙarfe huɗu zuwa shida ina so keken nan ya huta.”

Tela ko kai bai ɗaga ba. “Mai Katifa, kayan mutane da haƙori zan ɗinka?”

“Injiniya dai.”

“To, Injiniyan Katifa, da haƙori zan ɗinka?”

Ya hau sama wurin Nas, ma’aikaciyar asibiti, mace mai jiki da ba ta ɗaukar raini. Ya ce mata takunta yana sauka ta silin, ranar Asabar ta daure ta rage tafiya.

“In rage tafiya a ɗakina?” in ji ta. “In yi fiffike ke nan?”

Ya tsallaka titi wurin Mai Walda. Shi wannan bai ma ji abin da ake faɗa ba, ihu kawai yake yi, “Me? Ƙofa kake so ko taga?”

A nan ne dabarar da yake taƙama da ita har yau ta faɗo masa. Duk wanda ya ƙi yin shiru, sai a gayyace shi. In yana zaune a falon, ai injinsa a kashe yake. Ya ba Tela da matarsa kati, ya ba Nas, ya ba Mai Walda. Ya bi layin yana sauraro, duk inda ya ji ƙara sai ya tsaya ya miƙa kati: mai injin niƙa, mai gyaran babur, mai faci, mai kiran fasinja a tasha, har da wata mata da ba ta da sana’a sai faɗa da mijinta ta taga. A jikin katin an rubuta “Zaman Sauraro Na Musamman, Ƙarƙashin Jagorancin Injiniya” da manyan baƙaƙe. Sunan Baba yana can ƙasa, sai ka sa tabarau. Kafin Juma’a mutum shidan Baba sun zama talatin da huɗu, kuma babu mai surutu ɗaya a unguwar da ba ya ciki.

“Ka gaya wa Baba yawan mutanen?” Yaya ta tambaye shi.

“Mawaƙi ba a gaya masa. Tsoro ne zai kama shi a banza.”

Asabar ta zo da rana mai zafi. Tun da safe ya kashe firji saboda gurnani, ya kashe fanka saboda fiffika. Ƙarfe uku da rabi ya tsaya bakin ƙofa cikin baƙar kwat, da kwandon wanki a gabansa. Duk wanda ya zo sai ya tuɓe takalmi, ya zuba waya da agogo da makulli a kwandon. Mata har da awarwaro. Don ya nuna misali, shi ya fara jefa tasa wayar, ya tura kwandon gefen matakala.

“Dokoki uku ne,” yana ta maimaitawa. “Ba tari. Ba motsi. Ba tafi. In abin ya yi maka daɗi, ka ɗaga hannu sama ka kaɗa yatsu.”

“In kuma bai yi daɗi ba fa?” in ji Tela.

“Ka riƙe a zuci.”

“Abin taɓawa fa?” in ji mai kiran fasinja. “Ni ko abincin rana ban ci ba, na ɗauka walima ce.”

“Tauna ƙara ce.”

Abu ɗaya ya tanada, alawar maganin tari. Ita ma da ya lura ledarta tana ƙara, tun da safe ya ɓare su duka ya tara a faranti ya ajiye kan tebur.

Muka shiga. Tagogi a toshe, ƙwan lantarki kuma ya cire shi, wai yana wani zuuu da kunnen gama-gari ba ya ji. Maimakonsa kyandir takwas ya kunna, ya jera su a gindin katifun. Mai Walda yana shigowa ya ja ya tsaya.

“Kai! Kyandir a jikin soso? Ni da nake wasa da wuta tun safe har yamma ban taɓa wannan haukar ba!”

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana hurewa, Injiniya yana binsa yana roƙo cikin raɗa. Aka koma duhu. Yaya ta lalubo tocila a kicin ta danƙa mini, ta ce in riƙa haska Baba.

Baba ya iso da jitar a rataye. Ya yi aski, ya sa farar rigar nan da rabon da in gan ta a jikinsa tun Mama tana da rai, ya goge jitar har tana ƙyalli. Ya leƙa ɗakin, ya ga kawuna cunkus a duhu, wasu a kujera, wasu a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa. Ya dubi Yaya.

“’Yan gida shida ke nan?”

Yaya ta sunkuyar da kai. Na ji kamar in shaƙe mai baƙar kwat. Amma Baba ba ya juyawa daga bakin ƙofa. Ya ratsa ta cikin mutane ya zauna.

Injiniya ya rufe ƙofa, ya jawo katifa ya jingina a bayanta, ya cusa tsummoki a ƙasanta. Sannan ya yi jawabin buɗe taro. Minti ashirin ya yi yana raɗa, don kada ya ɓata shirun, yana nuna silin, yana nuna ƙirjinsa. Babu wanda ya ji kalma ɗaya. Kafin ya gama, gumi ya fara bin bayan kowa, ɗakin ya ɗauki warin soso da ƙafa da wani abu daga sama wanda daga baya muka gane tsohon ƙwai ne.

Ya yi wa Baba alama. Baba ya gyara zama, ya ja numfashi, ya sauke yatsa a kan tsirkiya.

Tuf.

Abin da ya fito ke nan, kamar an mari matashin kai. Baba ya dubi jitar. Ya sake kaɗawa da ƙarfi. Tuf, tuf. Katifu goma suka haɗiye kiɗan tun bai kai gwiwarsa ba. Ya buɗe baki ya fara rerawa, ni da nake kusa da shi ina ganin jijiyar wuyansa tana tashi, amma abin da ke isowa kunnena bai fi maganar mai barci ba.

“An fara ne?” in ji mai injin niƙa daga baya, da muryarsa ta wanda ya saba magana a kan inji.

“Shiii!” in ji Injiniya.

“To in an fara a gaya mana.”

Sai cikin mai kiran fasinja ya yi kuka. Dogon ƙugi ne mai hawa da sauka, kuma wallahi ya fi jitar fita. Wani ya ƙyalƙyale da dariya ya toshe baki. Injiniya ya nuna cikin da yatsa yana zare ido.

“Ni zan hana shi?” in ji mutumin. “Ka gaya masa da kanka.”

Mai gyaran babur ya kama tari. Injiniya ya yi tsalle ya tsallake ƙafafu ya miƙa masa farantin alawa. Zafi ya riga ya narkar da su sun zama dunƙule ɗaya. Mutumin ya kama guda ya ja, farantin ya biyo shi. Ya tsaya da faranti a bakinsa yana lasa yana tari.

Sannan gam ya fara saki. Kwalin farko ya sauka a kan Tela. Na biyu a cinyar Nas. Daga nan suka riƙa zubowa bi da bi, kowa ya ɗora hannu a ka, Injiniya kuwa da ya ga hannaye a sama ya ɗauka yabo ne, ya juyo wurina fuska cike da murna.

“Kin gani, Auta? Ya shige su.”

“Kwali ne yake shigarsu,” na ce.

Duk wannan Baba bai tsaya ba. Gumi yana zuba daga haɓarsa kan jitar, yatsunsa suna santsi, tsirkiyoyin sun saki saboda zafi, yana murɗa kunnen jitar yana sake gwadawa. Ya ƙara ƙarfin murya har ta tsage. Ya sake ɗauko baitin daga farko. A karo na uku ya yi shiru a tsakiya, ya kwantar da tafin hannunsa a kan tsirkiyoyin. Na haska fuskarsa, na yi nadamar haskawa.

“Na faɗa muku,” in ji shi a hankali, yana duban Yaya. “Ta tafi.”

“Baba, ba muryarka ba ce,” in ji Yaya, tana kuka. “Ɗakin ne.”

“Ɗakin lafiyarsa ƙalau,” in ji Injiniya. “Baba, ka daure ka buɗe maƙogwaro. Daga ciki ake ɗauko ta, ka ga, daga nan.” Ya dafa tumbinsa zai nuna wa mutumin da ya yi shekara arba’in yana waƙa yadda ake waƙa.

Ban san abin da zan yi masa da tocilar nan ba da matar Tela ba ta sulale ta kwanta a kafaɗar mai faci ba. Nas ta miƙe tsaye.

“A buɗe ƙofa. Matar nan iska take nema.”

Injiniya ya riga kowa isa ƙofar, ya baje hannuwa a jikin katifa. “In aka buɗe, sautin zai zube! Kwana huɗu na yi ina tara shi!”

“Matsa, ko in yi maka allura a inda kake tsaye.”

“Ki ba ni minti biyu, yanzu kunnuwanku za su saba.”

Mai Walda ya matso kusa da Injiniya. Ya sa hannu a hammatarsa ya ɗaga shi, ya ajiye a gefe, ya yaye katifar, ya buɗe ƙofa. Mutum talatin da huɗu suka fita a guje suna tuntuɓe da takalma, suka zube a kan matakala daga hawa na biyu har ƙasa, kowa yana haki yana fifita da abin da ya samu, akasari kwalin ƙwai. Nas ta kwantar da matar Tela tana shafa mata ruwa, matar ta buɗe ido, a zatonta haɗari aka yi, abin da ta fara tambaya shi ne ko an fitar da kowa daga motar.

“Mai Katifa,” in ji Tela, “Allah ya isa tsakanina da kai.”

“Na gano matsalar!” in ji Injiniya daga bakin ƙofa, kwat ɗinsa sharkaf. “Akwai kafa a kusurwar hagu, ta nan yake tserewa. Katifa ɗaya ce ta rage. Kada kowa ya tafi. Minti biyar. Kuma kada wanda ya ƙwanƙwasa mini, ina auna sauti.”

Ya shiga ɗakin kwanansu ya jawo katifar gadonsu, ƙatuwa, yana ja yana nishi, ya shige falon da ita ya maido ƙofa garam. Kowa ya ci gaba da fifita.

Ni da Yaya muka riƙo Baba muka zaunar da shi a kan matakala, inda iska ke shigowa ta ƙaramar taga. Ya daɗe yana maida numfashi. Sannan ya cire igiyar jitar daga wuyansa ya miƙo mini.

“Ungo, Auta. Ki ba wanda zai yi amfani da ita.”

“Ba zan karɓa ba.”

“Ungo, na ce.”

Na karɓa da fushi, ba da shi nake fushin ba, amma hannuna ya fizge ta da ƙarfi, farcena ya ja tsirkiyoyin duka shida. Sai ga wata ƙara ta tashi, ta cika ramin benen tun daga ƙasa har sama, ta doki siminti ta dawo, ta daɗe tana yawo kafin ta kwanta. Masu fifita suka tsaya. Baba ya ɗaga kai.

“Miƙo,” in ji shi.

Ya ɗora ta a cinya. Ya goge tsirkiyoyin da gefen rigarsa, ya murɗa nan, ya murɗa can, yana kasa kunne. Ya yi gyaran murya, gyaran muryar ma ta amsa har hawa na uku. Ya dube ni, ya dubi Yaya. Sannan ya fara.

Muryar ta tsufa, ba zan yi muku ƙarya ba. Tana rawa a wasu wurare, ta yi kauri fiye da yadda na san ta. Amma tana nan. Waƙar da ya yi wa Mama ya ɗauko, wadda take yi masa faɗa kullum in ta zo wanki ta tarar da aljihunsa cike da garin katako da ƙusoshi, tana cewa ita kafinta ta aura ko shagonsa. Mutane suka yi ta dariya a baitin farko da na biyu. A na uku ya ƙara abin da ban taɓa ji ba, cewa yanzu aljihun a share yake tas, babu mai yi masa faɗa. Dariyar ta ɗauke. Yaya ta kifa kai a gwiwarsa. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba. Mai Walda kuwa da ƙarfi yake nasa, yana jan hanci, babu mai ce masa shiii.

Da ya dire, tafi ya ɓarke har ƙarfen matakalar yana rawa. Aka ce a ƙara. Ya ƙara. Tela ya zaro almakashi daga aljihu yana buga ƙarfen yana ba shi kiɗa. Mai kiran fasinja ya kama amshi, ashe murya gare shi. Matar nan mai faɗa ta taga ta ce mijinta ya taɓa yi mata irin wannan waƙa, a zamanin da yake da hankali. Masu wucewa a titi suka riƙa leƙowa suna tsayawa a ƙofar gida. Nas ta hau sama ta sauko da ruwan sanyi da kofuna. Baba ya yi waƙa tara, har da ba’a yana tsokanar mai injin niƙa, maganar da ya yi a yammacin nan ta fi wadda ya yi a shekara guda.

Wajen ƙarfe shida ya ce yatsunsa sun gaji. Aka jawo kwandon, kowa yana lalubar wayarsa da makullinsa. Aka kwashe duka, saura waya ɗaya a gindi.

“Ta wa ce wannan?” in ji Tela.

Yaya ta duba. Ta dafe ƙirji. “Baban yara!”

Awa ɗaya da rabi, cikin mutum talatin da wani abu, har da matarsa, babu wanda ya tuna da shi. Aka murɗa ƙofar falon, ta ƙi motsi. Mai Walda da mai faci da mai gyaran babur suka haɗa kafaɗa, ɗaya, biyu, uku, ta buɗe kamar taki guda. Ashe yana shiga da ƙatuwar katifar ya jingina ta a kan na bango, ta ture ta kusa da ita, wannan ta ture ta gaba, suka rufto gaba ɗaya suka cushe tsakanin ƙofa da kabad, shi kuma yana ƙarƙashi. Da ƙyar aka zaro shi ta ƙafa.

Ya fito da rarrafe. Kwalin ƙwai manne a bayansa, farantin alawa manne a wandonsa, takalmi babu, ido ja. Ya dafa bango ya miƙe, ya gyara wuyan kwat. Da ya buɗe baki muryar ta dushe sai wani siririn kuka.

“Na gyara. Kowa ya shigo a fara.”

“An gama,” in ji Tela.

“An gama me?”

“Kiɗan. Waƙa tara. Ka ga idon Mai Walda ai.”

Injiniya ya bi fuskoki da kallo, ya ga masu share hawaye, ya ga masu riƙe hannun Baba suna godiya, ya ga kofunan ruwa a kan matakala. Na ɗauka yau dai kunya za ta kama shi. Ina! Sai ya ɗaga yatsa sama.

“Tsaya. Awa ɗaya da rabi ina ihu ina dukan ƙofa. Akwai wanda ya ji?”

Aka ce babu.

“Ni ma ko ƙyas ban ji daga waje ba. Waƙa tara, da tafi, ko ƙyas!” Ya juya yana duban jama’a ɗaya bayan ɗaya. “To ku faɗa mini, a duk garin nan wa zai iya haɗa ɗaki irin wannan?”

Dariyar da aka yi sai da matar Tela ta nemi sake sumewa. Baba kaɗai bai yi ba. Ya miƙe a hankali, ya rataya jitarsa a kafaɗa da kansa, ya zo ya dafa surukinsa, ya ɓamɓare masa kwalin daga baya ya miƙa masa.

“Injiniya, aikinka ya yi kyau. Kada ka taɓa komai a ɗakin nan, ka bar shi yadda yake.”

Ƙirjin Injiniya ya kumbura. Ya waiwayo ya harare ni.

“Asabar mai zuwa zan dawo nan kan matakala, ƙarfe huɗu,” in ji Baba. “Kai kuma ka sake shiga ka rufe.”